Karen da Susa Ta Hana Sakat: Yadda Za Ka Gano Dalili Ka Yi Masa Magani

Babu karen da ba ya susa. Ya ɗaga ƙafar baya ya karci bayan kunne, ya girgiza jiki ya ci gaba da harkarsa, wannan ba ciwo ba ne. Wanda ake magana a kansa shi ne karen da susa ta hana shi barci, wanda zai bar abinci a kwano ya juya yana gatsar gindin jelarsa, yana goga jiki a katanga ko a gindin rumbu har gashi ya zube fata ta yi ja. Idan aka yi mako guda a haka, akwai abin da ke cinsa, kuma sai an gano abin kafin magani ya yi aiki.

A ƙauyukanmu na Kano da Jigawa kare ma'aikaci ne. Shi ke gadin gida da turken awaki, shi ke bin garken shanu, shi ke gaba a farautar rani. Wanda ya ajiye shi don ɗaya daga cikin waɗannan, haƙƙinsa na wuyansa, kuma duk mun san hadisin mutumin da Allah Ya gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa. Abin da ke damuna shi ne, da yawa daga cikin masu karnuka suna da niyyar taimako, amma maganin da suke yi ya fi cutar illa. Saboda haka daga nan za mu fara.

Mataki na farko: ajiye kwalbar maganin feshi

Kada ka shafa wa kare fiya-fiya, ko Sniper, ko Gamalin, ko duk wani maganin feshin gona. Kada ka shafa masa baƙin mai, kalanzir, fetur ko ruwan batir. Na san abin da za a ce: wane ya yi, kaska ta zube. Gaskiya ne tana zubewa. Amma fatar da susa ta riga ta fasa tana zuƙe gubar kai tsaye zuwa jini, sannan kare yana lasar jikinsa ya haɗiye saura. Sniper da fiya-fiya guba ce mai kama jijiyoyi, kuma a 2019 hukumar NAFDAC ta taƙaita sayar da Sniper a kasuwanni saboda yawan mutanen da gubar ta hallaka. Abin da ke kashe mutum baligi ba zai bar dabba mai kilo 15 ba. Baƙin mai kuwa yana ƙona fata ya bar ciwon da ya fi na farko, ga illa ga hanta da ƙoda.

Idan an riga an shafa, ka ga kare na dalalar da miyau, yana karkarwa, yana amai ko zawo, ƙwayar idonsa ta tsuke, to ka sa leda a hannu ka wanke shi da sabulu da ruwa mai yawa nan take, ka nemi likitan dabbobi da gaggawa. Akwai allurar da ke karya gubar Sniper da fiya-fiya, atirofin, amma sai an yi ta da wuri. Madara da manja da ake ɗura masa ba sa karya ta, kuma ɗura wa dabbar da ke karkarwa ruwa na iya sa ta shaƙe.

Mataki na biyu: duba shi da kyau, da rana

Ka zaɓi safiya, a fili mai haske. Wanda kare ya fi sabawa da shi ya riƙe shi. Kare mai ciwo yana iya cizon mai shi, don haka a ɗaure masa baki da tsumma mai laushi: a zagaya a bakin, a ƙulla ƙarƙashin haɓa, a kai bayan kunnuwa a sake ƙullawa. Ka sa safar hannu ko leda, domin wasu daga cikin cututtukan da za mu ambata suna kama mutum.

Ka riƙa buɗe gashin kana turawa baya, tun daga kai har jela. Inda yake susa shi ne babbar shaida. Gindin jela, tsatso da bayan cinyoyi, wannan wurin ƙuma ne. Gefen kunnuwa, gwiwoyin ƙafafun gaba, ƙirji da ciki, wurin ƙazwa ne. Cikin kunne, wuya da tsakanin yatsu, nan kaska ke maƙalewa. Zagayen ido da baki a ƙaramin kare, wata irin ƙazwa ce daban. Lasar tafin ƙafa ba dare ba rana tare da goga fuska, wannan yana nuna ko wani abu ya soke shi, ko jikinsa ne ba ya jituwa da wani abu.

Sai ka tambayi kanka abu huɗu. Yaushe abin ya fara, da damina ko da hunturu? Sauran karnuka da kyanwar gida suna susa? Akwai wani a gidan da ƙuraje suka feso masa a hannu ko ciki? Ya je farauta ko ya cuɗanya da baƙin karnuka kwanan nan? Amsoshin nan likita zai fara nema, kuma sau da yawa su kaɗai sun isa su nuna hanya.

Mataki na uku: ƙuma, wadda ta fi kowa laifi

Kada rashin ganin ƙuma ya ruɗe ka. Tana da sauri, kuma karen yana cinye da yawa idan yana gatsar jikinsa. Ga gwajin da ba ya cin ko sisi: ka jiƙa farin ƙyalle ka shimfiɗa, ka tsayar da karen a kai, ka taje bayansa da mataji mai ƙananan haƙora. Baƙin garin da zai zubo, idan ya narke ya yi ja a kan ƙyallen, kashin ƙuma ne, jinin karenka ne da ta sha. Idan ƙasa ce kawai ba za ta canza launi ba.

Wasu karnukan jikinsu ba ya ɗaukar miyan ƙuma ko kaɗan. Cizo kaɗan ya isa ya sa su kwana suna susa, alhali wani karen a gida ɗaya yana ɗauke da ƙuma fal bai damu ba. Don haka kada ka ce ai ɗayan lafiyarsa ƙalau. Shi ne ma ke raba wa kowa.

Ga abin da ke sa mutane su yi ta magani ba ya ci. Ƙumar da ke jikin kare kaɗan ce a kan wadda ke ƙasa. Mace ɗaya na iya yin ƙwai har 50 a rana, ƙwan ba ya manne wa gashi, zubewa yake yi duk inda karen ya kwanta. A can yake ƙyanƙyashewa ya zama 'yar tsutsa mai gudun haske, ta shige cikin turɓaya, ƙarƙashin buhu ko tabarma, ta naɗe kanta, ta fito ƙuma cikin mako biyu zuwa uku idan akwai ɗumi da laima. Wadda ta naɗe kanta na iya jira watanni. Kusan kashi 95 cikin 100 na ƙumar gida a ƙasa suke. Ka wanke kare tas yau, ya koma makwancinsa, jibi ya sake cika.

Saboda haka aikin biyu ne a lokaci ɗaya. A jikin karen, magungunan da aka yi don karnuka su ne abin nema. Akwai Frontline na feshi da na ɗigawa a ƙeya, ana maimaitawa wata-wata. Akwai ƙwayoyin taunawa irin su NexGard da Simparica masu aikin wata guda, da Bravecto mai aikin mako 12. Waɗannan ƙwayoyin suna kashe ƙuma, kaska da ƙazwa gaba ɗaya, kuma a ganina duk wanda ke da hali su ya kamata ya saya, musamman mai karen farauta da ya kashe kuɗi a kansa. Suna da tsada, kuma sai a shagunan maganin dabbobi na birni ake samunsu. Ana ba da su ne gwargwadon nauyi, kuma karen da ke da farfaɗiya sai da shawarar likita. Ka duba ranar ƙarewar aiki a jikin kwali.

A ƙasa kuma, ka share makwancin ƙal, ka kwashe turɓayar saman ka ƙone ta tare da tsofaffin tsummokara. Buhu ko tabarmar da za a ci gaba da amfani da ita a wanke da ruwan zafi a shanya a tsakiyar rana. Tsutsar ƙuma ba ta jure zafi da bushewa, rana kuwa Allah Ya hore mana ita. Idan zai yiwu ka canza masa makwanci gaba ɗaya. A riƙa wannan shara duk mako har wata uku.

Kada ka manta da maƙwabtansa na cikin gida. Ƙumar da ke cizon kare tana zama a turken awaki da tumaki, tana shan jinin 'yan ƙanana har su rame. Akwai kuma wata ƙaramar ƙuma ta kaji da ke kafewa wuri ɗaya, za ka gan ta jere baƙi-baƙi a gefen kunnen karen da ke kwana kusa da akurki. A shafe ta da basilin ta mutu, a share akurkin. Kyanwa ma a yi mata magani, amma da nata: magungunan kaska na shanu da wasu na karnuka masu sinadarin famitirin suna kashe kyanwa.

Idan ka ga wasu fararen abubuwa kamar ƙwayar shinkafa a kashinsa ko a gashin duburarsa, yana jan gindi a ƙasa, tsutsar ciki ce mai gaɓa-gaɓa da yake samu ta hanyar haɗiye ƙuma. Maganinta ƙwayar tsutsa mai firazikwantal a ciki. Ba kowane maganin tsutsa ke kashe ta ba.

Mataki na huɗu: ƙazwa

Wannan ce ke mayar da kare abin tausayi, fata ta yi kauri ta yi toka-toka, gashi ya ƙare, yara su riƙa jifansa. Wata 'yar halitta ce da ido ba ya gani, tana haƙa rami a cikin fata tana ƙwai. Ƙaiƙayinta ya fi na komai tsanani. Tana farawa daga gefen kunne da gwiwa da ciki, da ƙananan ƙuraje da ɓawo mai ruwan ɗorawa, sannan ta bazu. Tana yaɗuwa daga kare zuwa kare cikin sauƙi, shi ya sa take yawa bayan farauta, inda karnukan garuruwa da dama ke haɗuwa su kwana tare, su kuma shiga ramukan yanyawa da dila.

Gwajin gida: ka kama gefen kunnen tsakanin yatsu biyu ka murza a hankali. Idan ƙafar bayansa ta fara harbawa kamar yana susa, akwai yiwuwar ƙazwa ce sosai. Likita yana kankare fatar ya duba a madubin asibiti, amma ko shi ba kullum yake ganin ƙwayar ba, don haka idan alamu sun nuna, ana yin magani ne kawai a ga yadda jiki zai amsa.

Maganin da ya fi samuwa a karkara shi ne allurar aibamektin, wadda makiyaya suka sani da Ivomec. Tana aiki, amma a nan ake yawan kashe karnuka, domin ana zuƙo ta da ido kamar za a yi wa sa. Ka lura da lissafin: a shanu, mil 1 na maganin mai ƙarfin kashi 1 cikin 100 na kilo 50 ne. Kare mai kilo 15 abin da zai samu tsakanin mil 0.3 ne da 0.45, bai kai rabin mil ba. Ana yin ta ƙarƙashin fata da ƙaramin sirinji mai mil 1, a maimaita bayan kwana 14, sau biyu zuwa uku. Ka auna karen tukuna: ka hau sikelin masu sayen hatsi kana rungume da shi, ka sake hawa kai kaɗai, ka debe. Kuma ka bar malamin dabbobi ya yi allurar. Ba a yi wa ɗan kwikwiyo, ba a yi wa karen da ya galabaita, sannan wasu karnukan Turawa masu dogon gashi na kiwon tumaki ba sa jure ta ko kaɗan. Idan ta yi yawa za ka ga yana tangaɗi, ido ya buɗe ba ya gani, miyau na zuba, har ya kai ga suma.

Hanya ta biyu wanka ne da amitaraz, wanda ake sayarwa da suna Taktic da wasu sunaye. Idan mai ƙarfin kashi 12.5 ne, mil 2 ake zubawa a lita 1 ta ruwa, kada a ƙara. A fara wanke karen da sabulu a cire ɓawon, ya bushe, sannan a jiƙa shi da soso a kauce wa ido da baki, a bar shi ya bushe a inuwa ba tare da ɗauraya ba. A yi a fili, da safar hannu, a haɗa sabo kowane lokaci, a maimaita bayan mako biyu. Yakan sa kare kasala na yini guda. Ba a yi wa ɗan ƙasa da wata huɗu, ko karya mai ciki ko mai shayarwa, ko mai buɗaɗɗen ciwo. Mai ciwon sukari kada ya taɓa shi. Ragowar ruwan kada a watsa wa doki ko jaki, yana ɗaure musu hanji, kuma kada a zubar kusa da rijiya, kududdufi ko fadama, yana kashe kifi. Kada a haɗa shi da allurar a lokaci guda don neman sauri, ɗaya aka zaɓa.

Duk karnukan gidan za a yi wa, har wanda bai fara susa ba. Sannan a yi haƙuri. Susa ba ta tsayawa washegari, takan ɗauki mako biyu zuwa huɗu tana raguwa, gashi kuma sai bayan wata ɗaya ko biyu yake dawowa. Da yawa suna daina magani bayan allurar farko da suka ga sauƙi, ƙwan da ya rage ya ƙyanƙyashe a koma gidan jiya.

Mutanen gida, musamman yaran da ke wasa da shi, suna iya samun jajayen ƙuraje masu ƙaiƙayi a hannu da ciki. Ƙazwar kare ba ta daɗewa a jikin mutum, tana tafiya idan karen ya warke. Idan ta ƙi tafiya a je asibiti, wataƙila ta mutane ce.

Akwai ƙazwa ta biyu da ke kama ƙananan karnuka 'yan ƙasa da shekara, gashi ya zube a zagayen ido, baki da ƙafafun gaba. Ita ba ta da ƙaiƙayi sosai sai ta yi ruwa, kuma ba ta yaɗuwa. Tana fitowa ne idan jiki ya yi rauni saboda yunwa ko tsutsar ciki. 'Yar kaɗan takan warke da kanta idan an gyara abinci. Idan ta mamaye jiki magani na ɗaukar watanni, sai da likita.

Mataki na biyar: kaska da ƙwarƙwata

Kaskar kare ba irin ta shanu ba ce da ke jira a ciyawa. Wannan a gida take zama, cikin tsagar katanga da ƙarƙashin rufi, mace ɗaya ta zuba dubban ƙwai. Ka cire ta da hantsaki, ka kama daf da fata ka ja a miƙe a hankali, ka jefa a wuta ko cikin kalanzir a gwangwani. Kada ka fasa ta da farce. Sannan ka yaɓe tsagogin ɗakin da yake kwana. Illar kaska ta wuce ƙaiƙayi: tana sa zazzaɓi mai cinye jini. Ka ɗaga leɓensa ka duba dasashi. Idan ya yi fari ko rawaya maimakon ja, ko fitsarinsa ya yi duhu, ko jini na fita ta hanci, wannan na asibiti ne yau ba gobe ba.

Ƙwarƙwata ba ta tsalle, za ka gan ta tana rarrafe, ƙwanta fari manne a gashi. Ta fi kama kwikwiyo da ramammen kare. Maganin ƙuma yana kashe ta, a maimaita bayan mako biyu. Ba ta komawa kan mutum.

Mataki na shida: abubuwan da ake yawan tsallakewa

Da damina, idan ka ga kumburi kamar maruru a ciki ko cinyar kwikwiyo, da ɗan rami a tsakiya yana fitar da ruwa, tsutsa ce a ciki. Wani ƙuda ne ke yin ƙwai a busasshen yashi mai inuwa da warin fitsari, tsutsar ta huda fatar duk wanda ya kwanta a wurin. Ka toshe ramin da basilin, numfashi zai ƙare mata ta leƙo, sai ka matsa daga gefe a hankali ta fito ɗungurungum. Kada ka fasa ta a ciki. Ka wanke wurin, ka canza masa wurin kwana. Yara ma tana shigarsu, ta hanyar kayan da aka shanya a ƙasa.

Bakin kunne da ke jini yana ɓawo baƙi, ƙudaje masu cizo ne da ke tasowa daga jiƙaƙƙen taki. A wanke, a lafta basilin safe da yamma, a kwashe takin daga kusa da shi.

Girgiza kai da karce kunne, da baƙin datti mai gari-gari a ciki, ƙananan ƙwari ne na kunne. Idan wari ne da mugunya, ciwo ne ya kama. Ka goge iya inda yatsa ke kaiwa da auduga, kada ka zura tsinke ko gashin kaza, kada ka ɗiga manja. A nemi maganin ɗigawa wurin likita, domin yawan girgizar yana fasa jijiya kunnen ya kumbura da jini.

Zagayayyen wuri da gashi ya karye, yana fitar da gari, makero ne, irin wanda ke kama kan yara, kuma yana yawo tsakaninsu da dabba. Man shafawa na makero mai kulotirimazol, sau biyu a rana na mako uku zuwa huɗu, a hana shi lasa, a hana yara rungumarsa.

Sai na kaka. Ƙarangiya na shiga tsakanin yatsu da hammata ta yi ta sukarsa. Ƙaiƙayin gero a wurin sussuka yana damun kare kamar yadda yake damun mutum. Wanka da ruwa zalla ya wadatar. Kada kuma a shimfiɗa masa buhun taki ko na maganin gona, kada a bar shi ya ratsa gonar da aka yi wa feshi ranar.

Mataki na bakwai: ciwon da susa ta haifar

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Da farce ya fasa fata, ƙwayoyin cuta sun samu ƙofa, su kuma su ƙara ƙaiƙayin. Shi ya sa wani lokaci an kashe ƙuma an kashe ƙazwa, amma susa na nan. Alamarsa ƙuraje masu mugunya, wuri ja mai jiƙa da ke faɗaɗa cikin kwana ɗaya, ko fata mai maiƙo da wari a hammata da matsematsi.

Ka aske gashin da ke zagaye da almakashi don iska ta shiga. Ka tafasa rabin lita na ruwa da ƙaramin cokali ɗaya na gishiri, ya huce, ka wanke sau biyu a rana, ka bi da ruwan aidin da aka surka. Dettol da Izal ba na jikin kare ba ne. Don hana lasa, ka samu tsohon bokitin roba, ka yanke gindinsa daidai wuya, ka naɗe bakin da tsumma, ka zura masa ka ɗaure a igiyar wuyansa. Idan ciwon ya yi zurfi ko ya bazu, yana buƙatar maganin kashe ƙwayoyin cuta na mako biyu zuwa uku ko fiye, likita ne zai zaɓa ya auna.

A nan zan ja kunne kan deksa, allurar da ake yi don kwantar da kumburi da ƙaiƙayi. Allura ɗaya susa ta tsaya cak, mai kare ya yi murna. Ba ta kashe komai ba, ta rufe bakin ciwon ne ta kuma raunana garkuwar jiki, ƙazwa da makero su samu sarari. Tana kuma iya zubar da cikin karya. Tana da wurin amfaninta, amma bayan an san abin da ake yaƙa. Haka magungunan ciwon jiki na mutane irin su ibufurofen da dikulofenak, suna fasa cikin kare su lalata ƙoda, farasitamol kuma yana taɓa hanta idan ya yi yawa.

Magungunanmu na gida fa? Ruwan dafaffen ganyen darbejiya, idan ya huce, yana da kyau a wanka, yana sanyaya fata ya rage ƙwari. Man kaɗanya yana taimakon fatar da ta bushe. Ina ƙarfafa a yi su. Amma ba sa kaiwa ga ƙazwar da ke cikin fata, ba sa taɓa ƙwan ƙuma da ke ƙasa, kada su sa a jinkirta magani.

Mataki na takwas: abinci da hunturu

Karen da ba ya samun komai sai ƙanzo da ragowar tuwo, fatarsa za ta nuna. Gashi nama yake so da mai. A ƙara masa dafaffen ƙwai, kan kifi, dafaffen kayan ciki daga mahauta, da ƙaramin cokali na man gyaɗa a abinci. A guji miya mai yawan albasa da tafarnuwa, suna lalata jinin kare. A ba shi maganin tsutsa duk wata uku, ruwan sha kuma kada ya yanke. Da hunturu fata na bushewa ta yi amosani, a rage wanka, a daina wanke shi da Omo da sabulun wanki masu kwashe man fata.

Mataki na tara: idan duk an yi susa ba ta tsaya ba

Sai a nan ake zargin cewa jikinsa ne ba ya jituwa da wani abu, ƙura, furen ciyawa ko wani abinci. Na ajiye shi a ƙarshe da gangan, domin a karkara kafin a kai nan an fi samun mai laifin a baya. Irin wannan yakan fara tsakanin wata shida da shekara uku, da lasar ƙafa, goga fuska da ciwon kunne mai dawowa. Idan yana zuwa da wani yanayi ya tafi, daga waje ne. Idan duk shekara ne, a gwada abinci: a zaɓi nama ɗaya da bai saba ci ba da abu ɗaya mai ƙosarwa, misali kifi da dankalin Hausa, a ba shi su kaɗai na mako takwas. Wannan na nufin sai an killace shi, don karen da ke yawo bola ba a gwada shi. Idan ya samu sauƙi a dawo da tsofaffin abincin ɗaya bayan ɗaya har a kama wanda ke tayar masa. Naman shanu, madara, kaza da alkama su aka fi samu. Piriton yakan ɗan taimaka wa wasu, likita zai faɗi adadin. Irin wannan ba ya warkewa gaba ɗaya, lallaɓa shi ake yi.

Inda za ka je, da lokacin da ba a jira

Ka fara da sashen kula da dabbobi na ƙaramar hukumarku. Ranakun manyan kasuwannin dabbobi, Alhamis a Maigatari, Juma'a a Wudil, Lahadi a Dambatta, ana samun masu maganin dabbobi, amma ka bambance mai sayarwa da wanda ya karanci aikin. A birnin Kano akwai asibitin dabbobi na Gwale, abin da ya gagara kuma akwai asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya. Idan kai karen zai yi wuya, ka ɗauki hotunan wuraren da waya a cikin haske, ka tafi da nauyinsa, shekarunsa da kwalaben duk abin da aka taɓa ba shi.

Kada a jira idan ya daina ci, ko fuska ta kumbura farat ɗaya, ko kwikwiyo ne da ƙuma ta rufe dasashinsa ya yi fari. Sannan akwai susa ɗaya da ba a taɓa mai ita: karen da wani kare ya ciza makonni baya, yanzu yana gatsar wurin cizon kamar zai cire naman, halinsa ya canza, muryarsa ta canza, yana cizon itace da ƙasa ko miyau na zuba. Wannan na iya zama ciwon hauka. A kulle shi daga nesa, a kawar da yara, a sanar da ma'aikatan dabbobi. Mutumin da karen ya ciza ko ya yaƙusa ya wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudana na minti 15, ya tafi asibiti a ranar don allura, kada ya jira alama. Rigakafin haukan ana yi wa kare tun yana wata uku, a sabunta duk shekara, kuma ranar da ka kai shi don maganin ƙaiƙayi ka tambaya ko za a haɗa masa da ita ko sai ya murmure.